Ku Tambaya Mu Amsa: Gina Ɗakin Fim ɗin Ban Tsoro da Kuɗin Ɗalibi

TAMBAYA: Mu shida ne, muna shirya fim na minti 12 a matsayin aikin kammala karatu. Labarin wata yarinya ce da aka kulle a tsohon ɗakin ƙasa. An ara mana zauren atisaye na kwana biyar. Mu gina ɗakin a ciki, ko mu nemi kango na gaske? (Wani ɗalibi daga Zariya)

AMSA: Ɗan'uwa, ku gina. Kango na gaske yana da kyau a ido, amma ɗakin ƙasa ƙunci gare shi, babu inda kyamara za ta ja da baya, ga azara da gara ta ci, ga kunama. Ɗakin da kuka gina kuwa, kuna iya zare bango guda ku kafa kyamara a gurbinsa.

Kafin ku sayi ko ƙusa ɗaya, ku zauna da darakta da mai ɗaukar hoto ku lissafa duk kusurwar da kyamara za ta kalla. Abin da ba za ta gani ba, kada ku kashe masa kwabo. Sai ku yanka kwali ku yi ɗan samfurin ɗakin, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, ku leƙa cikinsa da kyamarar waya. A nan za ku gane ko ƙofa ta zauna daidai.

Filawud yana zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8, saboda haka ku auna ɗakin a kan wannan don kada yanka ya ci muku kaya. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, bango uku, zai ci guda 9. Mai kaurin kwatan inci ya isa. Kowanne a yi masa firam na tubaitu, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 2, da gicciye duk bayan ƙafa 2. A bayansa a kafa tokara mai kusurwa uku, a danne ƙafarta da buhun yashi. Ku haɗa bango da bango da sukuru maimakon ƙusa, don ranar kwancewa katakon ya fita lafiya ku sake amfani da shi.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa ita ce ƙofa. A fim irin naku dole a buga ta da ƙarfi, kuma idan a jikin siririn bango take, ɗakin gaba ɗaya zai yi rawa a gaban kyamara, tsoro ya koma dariya. Ku yi mata firam nata daban da tubaifo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, da tokararta da buhunan yashinta, ya zama bangon kawai ya jingina da ita. Wata shawara kuma: ku bar sarari kamar ƙafa 6 a bayan ƙofar, ku kafa wani guntun bango can, marar haske. Mai kallo ya fi tsoron lungun da idonsa bai kai ƙarshensa ba fiye da duk abin da za ku rataya a bango.

TAMBAYA: Mun yaɓa laka a kan filawud don ya yi kama da ginin ƙasa. Da gari ya waye ta tsattsage ta zube, katakon ma ya lanƙwashe. Ina kuskuren? (Wata ɗaliba daga Jos)

AMSA: Malama, laka ba ta kama katako mai santsi. Tana da nauyi, tana tsukewa idan ta bushe, ruwanta kuma filawud ya sha, shi ya sa ya lanƙwashe. Ki fara shafe katakon da farin gam na kafinta, ki manna buhun algarara a kai, ki bi gefensa da ƙananan ƙusoshi. Sannan ki dama gam mudu ɗaya, ruwa biyu, dusar katako uku, jar ƙasa tankaɗaɗɗa ɗaya. Ki shafa da tafin hannu, kaurin bai wuce na kwali ba, ki bar shatin yatsu kamar yadda magina ke bari a yaɓe. Ki gwada a guntun katako tukuna, domin ƙasa ta bambanta daga wuri zuwa wuri.

Tsufa kuma da ruwan fenti ake kawo shi. Ki tsinka baƙin fentin ruwa sosai, ki ɗiga daga sama ya gangaro kamar yoyon damina. Ki duhunta kusurwoyi da soso, da gefen ƙofa inda hannu ke yawan taɓawa, da saman alkukin da fitila ke zama, inda hayaƙi ke barin baƙi. Datti yana da dalili. Wanda aka watsa ko'ina daidai wa daida nan take ido yake ƙaryata shi. Ki guji fentin mai, ƙyallinsa yana mayar da hasken fitila. Idan kin sassaƙa wani abu da farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, kada fentin feshi ya taɓa shi kai tsaye, narkar da shi yake yi. Ki rufe shi da gam sau biyu tukuna.

TAMBAYA: Yaya ake haɗa jini da hayaƙi da araha? Wani ya ce mu ƙona gawayi a cikin ɗakin. (Mai karatu daga Kano)

AMSA: Don Allah kada ku kuskura. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Haka hayaƙin janareto yake: janareton ya zauna waje, nesa da ƙofa da taga, wanda kuma zai rage muku ƙararsa a sauti. Ku yi hayar injin hayaƙi wajen masu kayan kiɗan biki. Ku saki kaɗan, ku kaɗa shi da kwali har ya baje, ku haska shi daga baya ko daga gefe. Hasken gaba ba ya nuna shi. Ku tambaya ko akwai mai asma cikin 'yan wasa. Ɗakin nan katako ne da buhu da gam, don haka aci-balbal ko kyandir ba za a kunna ba sai lokacin ɗauka, da mutum guda tsaye riƙe da abin kashe gobara.

Jini kuwa, a dafa sukari kofi ɗaya da ruwa rabin kofi har ya fara kauri, a sauke ya huce. A zuba jan kalar abinci cokali ɗaya, garin koko ƙaramin cokali, da ɗigon shuɗi guda. Ja zalla kamar fenti yake fita. Kokon ne ke ba shi duhu. Jinin da ya kwana a bango ruwan ƙasa yake komawa, sai a ƙara masa koko. Zoɓo yana da araha amma tsinkakke ne, kuma yana karkata zuwa shunayya. Ku tanadi rigar 'yar wasa iri ɗaya guda uku saboda maimaita ɗauka, ku bar fitowar jini sai ranar ƙarshe, ku kuma goge daɓe kafin ku tashi, in ba haka ba da safe tururuwa za ku tarar ta riga ku shiga ɗakin.