Amsar tambayarka kan ƙaramar waya da gaisuwar manya

Ɗana, na ga saƙonka, ƙanenka ya karanta min daga wayarsa. Ka ce gwaggonka ta unguwar Birni ta yi fushi don ka yi mata ta'aziyyar mijinta da vokal, wato saƙon murya, a WhatsApp, kuma kana tambaya wai wannan al'ada ce ta gaske ko kuwa mu tsofaffi ne kawai muka saba da ƙaramar waya mai maɓallai muka ƙi sakinta. To duka biyun akwai, bari in warware maka.

Kafin salula, in an yi rasuwa a Damagaram yaro ake tasa ya bi gida gida, na nesa kuma a ba direba takarda a tasha ko a kai sanarwa gidan rediyo. Da Celtel ta shigo Nijar a 2001, wadda ta koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, sai waya ta karɓi aikin ɗan aiken nan, iyakarta kenan. Ba wanda ya ɗauke ta a matsayin zuwa. Ana kiranka a ce wane ya rasu jana'iza bayan la'asar, kai kuma ka sa takalmi. In kana Yamai ko Agadas ka kira da bakinka a ranar, ka yi gaisuwa ka ji muryar mutum ya ji taka, sannan ka yi ƙoƙari ka zo ko addu'ar uku ko ta bakwai, in ta gagara ta arba'in. Abin da gwaggonka ta rasa kenan, vokal kai kaɗai ka yi maganarka ka tura, ba ka tsaya ta amsa ba, ba ka ji kukanta ba balle ka ba ta haƙuri, kuma ita ba ta da babbar waya sai da jikarta ta kunna mata a gaban mutane ana zaman makoki.

Ita ƙaramar wayar kuwa wallahi ta yi mana rana. Nokia 3310 ta fito a 2000, tana da nauyi a aljihu amma ta faɗo daga kan babur murfi ya yi gabas batir ya yi yamma ka tsince ka haɗa ta kama abinta. Sai 1100 a 2003, mai tocila a ka, an sayar da ita fiye da miliyan 200 a duniya, kuma ni na san dalili, an yi ta ne don ƙura da zufa, maɓallanta roba ce guda ba inda yashi zai shiga, ka san harmatan ɗin garin nan. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da ita ake neman takalmi a ƙofar masallaci da asuba, da ita ake duba kunama a tsakar gida. Caji ɗaya ya kai ka kusan mako. Mutanen ƙauyukan Mirya da Magarya ranar kasuwa kawai suke kai ta wurin mai janareto, ya manna ƴar takarda da sunanka a bayan batir, ka biya dala goma ko ashirin ka tafi cinikinka. Kuma ɓarawo bai cika wahalar da kansa a kanta ba, yanzu kam ko a kan benci ka manta ta a Kasuwar Dole sai a biyo ka da ita.

Amma kar ka ji ina yabo ka ce ba ta da aibu. Wadda na riƙe ba Hausa a cikinta, Faransanci ne ko Turanci, wanda ya yi allo kawai ba ya iya ajiye suna, sai dai ya haddace lambobin ƙarshe ya ce mai 45 ɗin nan surukina ne. Rubuta saƙo azaba, harafin s kaɗai sai ka danna 7 sau huɗu, kuma harafi 160 saƙo ya cika. Pis ɗaya, wato layi ɗaya, take ɗauka shi ya sa kake ganin ƴan kasuwa da waya biyu uku a aljihun riga, kowane rezo, wato kamfanin waya, da tasa. Ba hoto, jariri sai ka zo suna za ka gan shi, wannan kam ni ban ɗauke shi aibu ba sosai.

Babbar ɓarnarta a wurina ita ce gaisuwa da ta yanke. Lokacin kira na da tsada, ka kankare kati na jaka guda da kwabo ka zuba, kafin ka gama ina kwana ina gajiya ina iyali ya jikin tsohuwa rabi ya tafi, sai mutane suka koyi sallama da gaggawa ido na kan sakan. Dattawan lokacin sun yi ƙorafi ƙwarai, irin wanda kake ji daga bakinmu yau. Daga nan kuma bip, wato ka kira ka katse don a kira ka, ya shigo da nasa ladabin da ba wanda ya rubuta amma kowa ya sani. Mara hali shi ke yi wa mai hali bip, ɗalibi ya yi wa babansa, na ƙauye ya yi wa na birni, ba laifi. Amma ba a yi wa suruki bip, ba a yi wa malaminka, saurayi ba ya yi wa budurwar da yake nema in yana son mutuncinsa, kuma ba a bip don gaisuwar sallah ko ta mutuwa, wanda ke gaisuwa shi ke biyan kuɗin kira. Vokal ɗinka a idon gwaggonka ajin bip yake.

Ni ban hana ka WhatsApp ba, hoton yaranka ma ta nan nake gani a wayar ƙanenka, kuma katin ɗaurin aure a tura a gurup ba komai tunda goro zai biyo baya ga manya. Na ƙi babbar wayar da ka ce za ka aiko ne don yatsana ya saba da maɓalli, kore in amsa ja in kashe ko ban duba ba, kuma ba zan iya cajin kullum ba.

Ka kira ta yau bayan isha'i, lokacin mata sun ragu. Kar ka fara da bayanin vokal, ka yi gaisuwa cikakkiya, ka ce ya haƙuri, ka yi wa mamaci addu'a, in ta yi faɗa ka yi shiru ta gama. Ka faɗa mata ranar da za ka shigo kafin arba'in, kuma in ka tashi zuwa ka biyo ta unguwar Zango mu tafi tare.