Dalilin da ya sa a nan muke shiga komai da asusu ɗaya

Ƙanena, na ga tambayarka, kuma ba kai kaɗai ke yi mana ita ba. Ka ce ka ji cewa a wuraren da muke aiki nan Turai, da asusu ɗaya ma'aikaci yake buɗe imel ɗinsa da takardun ofis da manhajar albashi, kana tambaya ko wannan ba ganganci ba ne, tunda wanda ya sace kalmar sirri ɗaya ya kwashe duka. Tsoronka yana kan hanya. Sai dai mu da muka daɗe muna wannan aiki a nan, ba kalmar sirri ce ta fi hana mu barci ba, rajista ce da kuma mabuɗin da ke sa hannu a madadinta.

Kowace ma'aikata da ta kai ta kawo tana da rajistar da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, da sashensa, da shugabansa, da rukunonin da yake ciki. Yawancin wurare Active Directory na Microsoft suke amfani da shi, wanda ya fito tare da Windows 2000, yana zaune a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke cikin ma'aikatar. Lokacin da komai yake cikin gini ɗaya, wannan ya wadatar. Da aiki ya koma gajimare, wato imel da takardu suka koma kan injinan wasu kamfanoni da ake isa gare su ta intanet, sai aka buƙaci wata rajistar a can. Ta Microsoft ita ce Entra ID, wadda har zuwa 2023 ake kiranta Azure Active Directory. Google na da tasa, Okta ma haka. Rajista biyu kuwa in aka bar su kara zube sai sun saɓa wa juna, shi ya sa ake ɗora wata manhaja a tsakani, Entra Connect, tana kwashe abin da ya canja a rajistar cikin gida tana kai wa ta gajimare duk bayan minti 30.

Kalmar sirri ba a kai ta can yadda take. Ko a cikin gida ma ba ita ake ajiyewa ba, wani curin lissafi ne da aka ciro daga gare ta. Manhajar tana ɗaukar wannan curi ta ƙara masa wasu lambobi, ta sake jujjuya shi sau 1,000, sannan ta tura sakamakon, kuma wannan ɓangaren duk bayan minti 2 ake yinsa. Wasu ma'aikatun ba su yarda ko da wannan ba, sai su sa gajimare ya riƙa tambayar uwar garken cikin gida duk lokacin da wani ya zo shiga. A ganina hanya ta farko ta fi kwanciyar hankali, domin ranar da wuta ko layin intanet na ofis ya yanke, mutane suna ci gaba da aikinsu.

Ga yadda shigar take da safe. Ma'aikaciya ta buɗe manhajar albashi. Manhajar ba ta tambaye ta komai ba, sai ta mayar da burauzarta wurin rajistar gajimare. Can ta tabbatar da cewa ita ce, rajista ta rubuta mata tikiti mai ɗauke da sunanta da rukunoninta da lokacin da zai daina aiki, ta sa masa hannu da mabuɗin sirrinta. Burauza ta dawo da tikitin, manhajar albashi ta duba sa hannun, ta buɗe. In ta wuce wata manhajar, ana ba ta wani tikitin ba tare da ta sake buga komai ba. Ƙa'idojin da ke tafiyar da wannan tsofaffi ne, SAML 2.0 tun 2005, OpenID Connect kuma 2014. Abin lura shi ne manhajar albashin ba ta taɓa ganin kalmar sirrin matar ba, saboda haka ko an fasa manhajar ba za a sami kalmar a ciki ba.

To ka auna da wurin da kowace manhaja ke da nata asusun. Mutum ba zai iya riƙe kalmomin sirri ashirin a kansa ba, ɗaya zai yi ta maimaitawa, ka ga an koma mabuɗi ɗaya ɗin da kake gudu, ga shi kuma a warwatse a wurare ashirin da ba mai gadinsu. Gidan da ake shigarsa ta zaure ɗaya ya fi sauƙin tsaro a kan mai ƙofofi ta ko'ina. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki ne ake gane haka da kyau, domin sai an bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana rufewa, kuma ba a rasa wadda aka manta. A 2021 masu kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da tabbaci na biyu, wato wata shaidar da ake nema bayan kalmar sirri. Sai da aka tsayar da bututun mai na kwanaki, aka biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Shi ya sa a nan, sashen kula da ma'aikata ne tushen rajista. Su ne za su rubuta cewa wane ya tafi, asusunsa ya rufu a cikin gida, rufewar ta isa gajimare, daga nan wata ƙa'ida mai suna SCIM ta kai labarin ga sauran manhajoji. Ba ma tsayawa nan, domin tikitin da ke hannunsa yana iya kai wa kusan awa ɗaya yana aiki, ga kuma jiran minti 30 ɗin nan. In korar gaggawa ce, da hannu muke rufe asusun a gajimare mu soke duk zamansa nan take.

Ita ƙofar ɗaya kuwa, ba ma barin ta da kalmar sirri kawai. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu, amma ana iya sace layin mutum. Saƙon da ke fitowa a waya yana cewa ka amince shi ma an gano lagonsa: a 2022 aka yi ta turo wa wani ɗan kwangilar Uber irin wannan saƙo har ya gaji ya amince. Daga 2023 Microsoft ta tilasta wa mutum ya buga lambar da yake gani a allon kwamfutarsa kafin amincewar ta wuce. Masu riƙe da manyan asusai kuma ɗan mabuɗi ne na hannu muke ba su, irin na FIDO2, wanda ba ya amsa wa shafin bogi komai kamarsa da na gaske. Za ka yi mamaki in na ce maka wurare da yawa sun daina tilasta canja kalmar sirri duk wata uku. Hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a daina tun 2017, domin mutane lamba ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshe. Mun kuma tsananta wa masu amsa kiran neman taimako, tun bayan abin da ya sami kamfanin otal-otal na MGM Resorts a Satumban 2023, inda aka ruwaito cewa kiran waya aka yi da sunan wani ma'aikaci aka nemi a sake masa hanyar shiga, kamfanin kuma ya ce asararsa ta kai kimanin dala miliyan 100. Yanzu ko muryar wa ka zo da ita, sai an tabbatar ta wata hanyar.

Inda tsoronka ya fi gaskiya shi ne mabuɗin da ke sa wa tikiti hannu. Wanda ya mallake shi ba ya buƙatar kalmar sirrin kowa, ba ya buƙatar wayar kowa, shi zai rubuta wa kansa tikiti da sunan duk wanda ya ga dama, manhajoji kuma su karɓa. Masu binciken kamfanin tsaron kwamfuta na CyberArk sun bayyana wannan dabara a 2017, aka kuma ga an yi aiki da ita a kutsen da aka yi ta manhajar kamfanin SolarWinds, wanda ya fito fili a Disamban 2020. Bayan nan ma'aikatu da dama suka daina ajiye injin sa hannun a cikin gida. Uwar garken da ke ɗauke da Entra Connect ita ma muna tsaron ta kamar rajistar kanta, mutane ƙalilan ne ke taɓa ta, ba a buɗe imel ko yawon intanet a kanta. Asusun da nake gudanar da rajistar gajimare da shi daban yake da wanda nake karanta imel, a gajimare aka ƙirƙire shi, ba a kwafo shi daga cikin gida ba, don kada wanda ya ci gida ya haura sama. Ikon ma ba ya zama a hannuna kullum. Sai na nema, na rubuta dalili, a ba ni na 'yan awoyi, ya sauka da kansa. Asusun gwaji ma ba mu raina shi, domin a Janairun 2024 Microsoft da kanta ta sanar cewa ta wani tsohon asusun gwaji marar tabbaci na biyu aka bi har aka karanta imel ɗin wasu manyan shugabanninta.

Akwai haɗarin da ba na maƙiyi ba ne, kuma na gan shi da idona a wata ma'aikata. Wani ya gyara tsarin rajistar cikin gida, ya matsar da wani rukuni na ma'aikata zuwa inda manhajar daidaitawa ba ta dubawa. A wurinta mutanen sun ɓace ke nan, sai ta shirya goge su daga gajimare. Abin da ya tare ta shi ne iyakar da aka sa mata, ba ta goge fiye da 500 a zagaye ɗaya sai ta tsaya ta kai ƙara. Ƙaramar ma'aikata ya kamata ta rage wannan adadi, domin mai mutum 200 za a iya share ta kaf iyakar ba ta motsa ba. Wanda aka goge ana iya dawo da shi cikin kwana 30.

Muna kuma ajiye asusun gaggawa aƙalla biyu da ba su rataya a kan rajistar cikin gida ba, mabuɗansu a kulle a wurare daban, da ƙararrawar da ke tashi da zarar an shiga da su. Lokaci lokaci ana gwada su a tabbatar suna aiki.

Ba don mun fi kowa hankali muke wannan tsanani ba. Tun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta wajabta a sanar da hukuma cikin awa 72 in bayanan mutane sun fita, tara kuma tana iya kai wa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara, sannan masu bincike suna zuwa su ce a nuna musu wa ke da ikon shiga ina, wa ya ba shi, yaushe. Tunda ka ce an ɗora maka wannan aiki a wurinku, kada ka fara da sayen manhaja. Ka ɗauko jerin masu karɓar albashi ka jera shi da jerin asusai, duk sunan da ke cikin na biyu ba ya cikin na farko ka nemi mai shi, in babu ka rufe. Bayan nan ka sa wa masu gudanarwa tabbaci na biyu, sannan ka turo mini jerin manhajojinku mu duba waɗanda suke karɓar SAML ko OpenID Connect.