Lemu na zubewa tun bai nuna ba: amsoshin tambayoyinku kan ƙwaro mai wari

Wani mai lambu daga Kudancin Kaduna ya ce lemun zaƙinsa na ta zubowa tun yana ɗanye, kuma yana ganin wasu koren ƙwari masu faɗin baya a jikin 'ya'yan, in ka taɓa su wari ya kama maka hannu.

Malam, sannu da haƙuri, ba ƙaramin ciwo bane ka yi ban ruwa shekara guda ka wayi gari ka ga lemu a ƙasa. Wannan ƙwaron ba ya cin ganye, bakinsa kamar allura yake, yana soka ɓawon ya tsotse ruwan ciki, kuma ramin da ya bari ƙarami ne sosai amma ta nan ruɓa ke shiga. Ka ɗauki ɗaya daga waɗanda suka faɗo ka yanka, in shi ne za ka ga wani ɓangare a ciki ya bushe ya yi fari-fari daidai ƙarƙashin ɗan tabon da ke waje. Tanjarin ya fi shan wahala saboda ɓawonsa siriri ne. In kuwa tsutsa ka tarar a ciki to ƙudan 'ya'yan itace ne, maganinsa daban.

Yanzu ni ma ina da tambaya, me ka shuka kusa da lemun? Don galibi daga gonar wake ko waken soya ko auduga suke tasowa, can suke hayayyafa da damina, da an yi girbi ganye ya bushe sai su kwararo kan lemu. Shi ya sa nake cewa a fara da nome ciyawar ƙarƙashin bishiya da ta gefen shinge, a kwashe harawa da wuri, badi kuma a ɗan nisanta waken.

Wata baiwar Allah mai bishiya uku a tsakar gida ta ce ba ta son feshi saboda yara da kaji.

Hajiya, kin yi daidai, bishiya uku ba ta buƙatar guba. Da sassafe kafin rana ta yi zafi jikin ƙwarin a mace yake, ki sa ruwan omo a roba ki tara a ƙasan reshe a girgiza, su faɗa ciki. A sa leda a hannu, kuma a kiyayi ido don ruwan warin nan yana da zafi. Ki riƙa juya ganye, ƙwansu a jere yake wuri guda a bayan ganyen, ki murƙushe, sai dai in kin ga ya koma baƙi, wannan ki bar shi, wani ɗan ƙaramin zanzaro ne ya yi ƙwai a ciki kuma aikinmu yake yi. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana yana taimakawa kan ƙananan da ba su yi fiffike ba, manyan kam ba ya musu komai sosai.

Na uku ya tambaya ko Karate, maganin ƙwari na feshi, zai yi.

Zai kashe su, eh, amma don Allah kar a fesa lokacin da lemu ke fure, ƙudan zuma za ka hallaka, har da jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida, waɗanda su ma suna korar ƙwarin. Yawan fesa shi kuma yakan sa wasu ƙwarin masu mannewa a reshe su yi yawa. Ka fara da layin bishiyoyin gefe inda suke shigowa, da yamma, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka kuma ƙirga kwanakin da aka rubuta kafin ka tsinki lemun ka kai kasuwa.