Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi inda zai ɗaukaka ƙarar gonarsu

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce babbar kotun shari'ar Musulunci ta ba maƙwabcinku gonar da mahaifinku ya bari, shi yana cewa saye ya yi, ku kuna cewa jingina ce, kuma ana ba ka shawarar ka tafi gaban ƙadi-ƙadi, wato alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha. Don Allah dakata. Wannan ramin ne muka faɗa a gidanmu.

Tamu ma gona ce. Da aka kayar da mu, wani kawunmu ya ce tunda alƙalin Musulunci ne ya yanke, ai sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha. Muka je, muka yi nasara, har tuwon sadaka aka yi. Abokin shari'armu ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, lauyansa bai taɓa maganar jingina ba, hurumi kawai ya kama. Aka rushe nasararmu gaba ɗaya. Ina tuna yayana zaune a kan bencin harabar kotu, takarda a hannu, yana tambayar lauya, "To, an ce ba mu da gaskiya ne?" Lauya ya ce a'a, an ce mun shiga ɗakin da ba namu ba ne. Damina huɗu mutumin nan yana noma gonar muna kallo.

Dalilin shi ne sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999. Ya taƙaita ikon kotun ƙadi-ƙadi ga aure, saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Tun shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta fayyace haka a shari'ar Magaji da Matari: rikicin mallakar ƙasa zalla ba hurumin kotun ƙadi-ƙadi ba ne. Abin da ake dubawa shi ne da'awar da aka shigar tun kotun farko. In magada ne ke jayayya a kan rabon gado, ko wani ya riƙe kason wani, nan ne wurin ƙadi-ƙadi. Amma kai da bare kuke ja a kan saye ko jingina, don haka hanyarka ita ce Babbar Kotun Jiha, ɓangaren ɗaukaka ƙara, ko da gonar gado ce a wurinku.

Kada ka yi sanyin jiki, wa'adin da aka saba bayarwa kwana 30 ne daga ranar hukunci. In ya wuce, sai ka roƙi ƙarin lokaci tare da hujjar jinkiri. Gobe-goben nan ka nemi kwafin shari'a, ka sa a karanta maka shi baƙi da baƙi, domin can sama ba a cika sake kiran shaidu ba, abin da aka rubuta shi ne shari'arka. Duba ko an yi muku i'izari, wato ba ku damar ƙarshe ta kawo sauran hujjarku, kafin hukunci, da kuma wanda aka ɗora wa kawo shaida da wanda aka ba rantsuwa.

Sannan shigar da ƙara kaɗai ba ya hana a zartar da hukunci. Lauyanka ya nemi umarnin dakatarwa daban, tun kafin maƙwabcin naku ya sayar da gonar ga wani. Allah Ya fitar muku da haƙƙinku.