Amsar tambayarka kan fim ɗin kotu

Yarona na ga saƙonka. Ka ce furodusa ya ba ka rubutun fim ɗin rikicin gado da zai ƙare a kotu, kuma ya kafe dole jarumin nan da kullum yake fitowa a mugun baffa mai cinye dukiyar marayu shi zai ja fim ɗin, kai kuma kana ganin mutane sun gaji, wai ya za ka yi.

Gaskiyarka, an gaji. Tun sin na farko, wato fitowar farko a fim ɗin, mai kallo ya san inda aka dosa, alhaji zai mutu, baffa zai ɓoye takardun gida, uwar marayu ta yi ta rusa kuka, lauya ya yi ta daka tsawa, sai ana dab da yanke hukunci wani ya faɗo kotu a guje yana haki wai yana da shaida. Amma fa gado da saki da riƙon yara su ne abin da ke cin mutane a gidajensu, ba za su taɓa tsufa ba. Mu masu rubutu ne muke kwaso kotunmu daga finafinan Indiya alhali ga ta unguwarmu ba mu taɓa leƙawa ba.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya je ka kotun shari'ar Musulunci ka samu benci ka zauna tun safe. Ba za ka ga lauya da hular gashin nan ba, wannan sai babbar kotu, da yawa ma da bakinsu suke magana ba lauya. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, to wallahi nan fim ɗinka yake, lokacin da aka ce mutum ya yi alwala aka miƙo masa Alƙur'ani, ɗakin ya yi tsit, 'yan'uwansa suna cewa don Allah kar ka rantse a bar maganar, ka ɗora kamara a hannunsa kawai ba sai an sa kiɗa ba. Akwai i'izari ma, alƙali ya tambayi kowa ko yana da sauran magana kafin hukunci, sannan sau da yawa sai ya ce ku koma gida ku yi sulhu a ɗage zama.

Kuma ka gyara lissafinka don malamai suna kallo. Matar mamaci tumuni, wato ɗaya bisa takwas, ne rabonta in akwai 'ya'ya, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, in mamaci ya bar ɗa namiji ɗan'uwansa ba shi da ko sisi, kuma sai an biya bashi kafin a raba komai.

Maganar jarumi kuwa kar ka ja da furodusa, kuɗinsa yake karewa, fuskar nan ce take sa a danna a YouTube. Yi amfani da ita. Ka tuna jarumin Indiya Amrish Puri, tun da ya fito a matsayin mugu Mogambo a fim ɗin Mr. India a 1987 kowa mugu yake kallonsa, sai a 1995 aka ba shi uban yarinya a Dilwale Dulhania Le Jayenge, da zare idon nan da muryar nan ba abin da aka rage, tsoron da ake ji nasa shi ya riƙe fim ɗin har lokacin da ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa.

Kai ma haka za ka yi. Bar shi a baffansa, ya shigo da babbar rigarsa mutane su fara tsine masa tun daga fosta, amma ka ba shi gaskiya a hannu, ace shi ya ci bashi ya yi jinyar ɗan'uwansa a asibiti ba tare da ya rubuta komai ba saboda zumunci, yanzu ga marayu ga masu bin bashi kuma kunya ta hana shi faɗa. Ka zauna da jarumin ka ce masa wannan karon ba zare ido ba dariyar mugunta, na tabbata shi ma ya ƙosa da su. Fara rubuta sin ɗin kotun ka turo min kafin ka nuna wa furodusa.