Wuyan jitar bas: mai ƙyalli ko marar ƙyalli?

Ɗana, ka ce wani ya kawo jitarsa ta bas yana so a kankare masa bayan wuyan, kana tambaya wanne ya fi, mai ƙyalli ko marar ƙyalli. Kada ka taɓa ta tukuna. Fara tambayarsa inda yake kaɗawa.

In makaɗin coci ne a Sabon Gari, ko mai bin wuraren biki, ni marar ƙyalli zan zaɓa masa. A Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, hannu ba ya rabo da gumi. Fenti mai ƙyalli sumul yake kamar gilashi, da tafin hannu ya jiƙe sai ya manne, babban yatsa ya riƙa cijewa. Ga shi bas doguwa ce: tun bas ɗin Precision da kamfanin Fender suka fitar a 1951, tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 34 ne, hannu yana ta kai da kawo. Shi kuwa marar ƙyalli, garin silika ake zuba wa fentinsa, sai fuskarsa ta yi ɗan kaushin da ido ba ya gani, fata ba ta kama shi gaba ɗaya, hannu ya yi ta zamewa. Mai zama a situdiyo cikin sanyin iyakwandishan ba ruwansa da wannan, wasu ma sun fi son riƙon mai ƙyallin.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan: kashe ƙyalli ake yi, ba cire fenti ba. Kamfanin jita na Music Man suna shafa wa wuyan wasu jitocinsu mai da kakin zuma kawai, shi ya sa samari ke zuwa suna cewa a mayar musu da tasu haka. A garin nan ban yarda ba. Hunturu na shigowa katakon da ba shi da kariya zai bushe ya tsuke, bakin ƙarafan wuyan ya fito yana yankar yatsa, damina kuma ya sha danshi ya kumbura.

Ɗauki samfefa lamba 1000, ka riƙa bin tsawon wuyan a hankali, ba a gicciye ba. Da ka ga farin gari ya fito, ƙyallin ya dushe, tsaya ka goge ka shafa da hannunka. In soson ƙarfe mai laushi za ka sa, rufe maganadisun ɗaukar sauti da tef, don yana janyo ɓurɓushin ƙarfe.

Kuma ka gaya masa gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗinsa: bayan 'yan watanni hannunsa zai sake goge wurin ya yi sheƙi, sai ya dawo a ƙara bi. In kuwa tsohuwar jita ce mai daraja da yake tunanin sayarwa wata rana, kira ni kafin ka ɗora mata samfefa.