Ga 'yar uwar da ta manta wanda ya rako ta gida

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce tun ranar da mijinki ya sake ki kina iya maimaita kalamansa ɗaya bayan ɗaya, har da yadda ya riƙe makullin mota a hannunsa, amma kin kasa tuna wanda ya rako ki gidanku, kuma danginsa suna cewa wadda ta manta wannan ba za a yarda da sauran zancenta ba. Kin tambaya ko ƙwaƙwalwarki ce ta taɓu. Ba ta taɓu ba in Allah ya yarda, domin abin da kika bayyana ya same ni, kuma na daɗe ina zargin kaina kafin na gane yadda lamarin yake.

Mahaifina ya rasu a wani asibiti a nan Sakkwato cikin hunturu. A darensa na ƙarshe ya kama hannuna ya ce gonarsa ta fadama ya riga ya ba autarmu tun yana da lafiya, kada a saka ta cikin gado. Har gobe ina ganin bargon da aka lulluɓe shi da shi, mai ruwan toka da wata 'yar huda a gefe, ina jin sanyin yatsunsa da warin maganin da aka wanke ƙasa da shi. Da aka zauna maganar gado bayan sadakar arba'in, na faɗi abin da na ji. Baffanmu bai musa ba da farko, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa ne, kuma su wa ke cikin ɗakin. Bakina ya bushe, ƙirjina yana dukan uku-uku, na ce bayan Magariba ne kuma ni kaɗai ce, na rantse a kan haka domin haka nake gani a raina. Sai yayana ya ce ai yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga Baba yana magana ko da yake bai ji me yake cewa ba, kuma an riga an yi Isha'i, ya nuna kiran da ya yi a waya a lokacin. Baffa ya dubi dattawan, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Wagga magana ƙarya ta." Mutumin da na taso ina kai wa abinci da azumi, wanda ya karɓi sadakina, shi ya kira ni maƙaryaciya a kan maganar mahaifina da bai daɗe a kabari ba, mata suna ji ta bayan labule, ba wanda ya ce uffan. Na tashi na bar takalmina a wurin, sai washegari aka aiko mini da su.

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta fara kwantar mini da hankali, daga baya na bi na karanta da kaina. Idan tsoro ko baƙin ciki mai tsanani ya kama mutum, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol, su kuma suna zaburar da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda yake sa sashen da ke ajiye abubuwan da suka faru, wato hifokamfas, ya ɗaure abin da kyau. James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa sun gwada haka a shekarar 1994, inda suka nuna wa mutane labari mai tayar da hankali, sai waɗanda aka ba maganin da ke toshe aikin adirenalin suka kasa riƙe labarin da irin ƙarfin da sauran suka riƙe shi bayan mako guda. Sai dai a irin wannan lokaci hankali yana tattaruwa ne a kan abu ɗaya, kamar mai haska tocila cikin duhun ɗaki, abin da hasken ya faɗa wa ya fito sarai, na gefe kuwa ko shiga bai yi ba balle a ce an manta shi. Shi ya sa wanda 'yan fashi suka tare yakan kwatanta bindiga dalla-dalla amma ya kasa kwatanta fuskar mai riƙe da ita. Kalaman mijinki da makullin nan su hasken ya faɗa wa. Yayana kuwa yana gefe.

Akwai abin da ya fi mini ciwo, kuma dole in faɗa miki shi. Ƙarfin da mutum yake ji na cewa ya tuna ba shi ne shaidar ya tuna daidai ba. Duk ɗan Sakkwato da ya yi wayo a lokacin zai gaya miki inda yake ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, da labari ya iso cewa jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya faɗi a Abuja. Ni na ce a rediyo muka ji, yayata ta ce maƙwabciya ce ta shigo tana salati, kuma kowaccenmu a shirye take ta rantse. A Amurka, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Ulric Neisser ya sa ɗalibai sun rubuta yadda suka ji labarin fashewar kumbon Challenger washegarin faruwarsa a 1986, da aka sake tambayarsu bayan kusan shekaru uku, da yawansu suka ba da labari daban ba tare da wata shakka ba. Haka Magaribata ta kasance. Ban yi ƙarya ba, amma na yi kuskure, baffa kuwa ya ɗauki kuskuren lokaci ya binne ainihin maganar da shi.

Saboda haka ki nemi littafi yau ɗin nan ki rubuta abin da kika ji da kunnenki, ki ware shi daga abin da aka ba ki labari, ki sa kwanan wata. Kada ki yarda a titsiye ki cikin taro kina kuka, domin kotisol ɗin nan da ke taimakawa wajen ajiyewa shi ne kuma yake hana mutum ciro abin da ya sani idan yana cikin firgici, kamar ɗalibin da karatu ya ɓace masa a ɗakin jarrabawa ya dawo bayan ya fita. Abin da ba ki tuna ba ki ce ba ki tuna ba, kada ki cike giɓi don a daina kallon ki. Da na ce "ban lura ba" a ranar, da baffa bai sami abin kamawa ba. Tunda maganar saki ce kuma lafazi yana da hukunci, ki je wurin malami ko alƙali tare da waliyyinki, kada ki tsaya cacar baki da dangin miji. Ki kuma rage ba kowa labarin, domin duk maimaitawa tana iya sauya wani abu a ciki. Ni kam na ba da nawa ga duk wanda ya zo gaisuwa, kuma ina nadamar haka.

Idan wata guda ya wuce kina firgita cikin barci, ko abin yana dawo miki kamar yanzu yake faruwa, ki ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne, ko da mutanenmu za su yi ta ƙus-ƙus. Kada ki sayi wani magani a kemis da kanki. Ki riƙe addu'a da azkar na dare, ki samu wadda za ta riƙa kwana kusa da ke.

Gonar dai an saka ta cikin gado, aka sayar, kuma na ji wanda ya saya albasa yake nomawa. Autarmu ta ce ta yafe. Ni ina zuwa gaida baffa da Sallah saboda zumunci, amma har yanzu da zarar ya buɗe baki zai yi magana sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi.